Ciwon Kumandan

Duk unguwar Dapoya da ke Wagadugu babu wanda bai san baburin Madam Talato Nikiyema ba, kuma yawanci da kunne aka san shi. Tsohon babur ne shuɗi, salansarsa a huje. Tun daga kwanar masu kifi za ka ji ya yi tari sau uku, ya ja numfashi, sannan hon ɗinsa ya yi kuka kamar agwagwar da aka taka. Shekara ashirin da biyu tana hawansa. 'Ya'yanta sun yi juyin duniya ta bari su saya mata sabo, ita ma ranta ya so, amma mijinta Rasmane ya ce atafau.

"Wannan babur ni na saya miki da hannuna, Talato. Ranar da kika canja shi, ni kika canja."

Ko salansar ma bai yarda a liƙe ba. Ita kuwa ta ɗauki wannan a matsayin ƙauna, har takan ba matan unguwa labari idan ana hirar maza.

Rasmane tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya sai ya tattara abin da ya samu ya sayi doki, ingarma ja mai farin goshi, ya sa masa suna Kumandan. Gidansu ko akuya ba ta da wurin juyawa, saboda haka ya kai shi gonar Salfo Tapsoba da ke bayan Saba, inda mutanen gari masu doki suke ajiye dawakinsu a kula musu da su, ake kuma kawo goɗiyoyi baye. Can yake wuni. Da ciwon ajali ya kama shi, maganarsa ta ƙarshe mai ma'ana ba a kan gida ya yi ta ba, ba kuma a kan 'ya'ya ba. Hannunta ya riƙe ya ce, "Ki kula min da Kumandan. Shi kaɗai ya san wahalar da na sha."

Ta ce ta ɗauka, ta kuma rantse masa.

To, Talato shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya a asibiti, kuma irin matan nan ne da ko ciwon kai ka ce kana yi sai sun tambaye ka launin fitsarinka. Shekara tara da suka wuce aka ce Rasmane yana da hawan jini. A ranar ta kwashe gishirin gidan ta kyautar. Ta hana shi soyayyen abu, ta hana shi sukari, ta hana shi yaji. Don kada ya ga ana ci ransa ya biya, ita ma ta daina. Shekara tara suna zama su biyu suna tura tuwo da miyar kuɓewa lami, kowa yana kallon bango.

Ciwon Kumandan kuwa ta san shi tun da daɗewa. Doki ne mai laulayi. Duk ranar da Rasmane ya makara ta hau babur ta je ɗauko shi, sai ta tarar da dokin a kwance warwas, ƙafafu a sandare, Rasmane a durƙushe a kansa yana shafa masa wuya.

"Kin gani ko? Ya sake tashi. Yaya zan tafi in bar shi haka?"

Sai tausayi ya kama ta, ta ajiye masa kwanon abincinsa, ta juya gida ita kaɗai tana cewa a ranta Allah ya ba ta miji mai jinƙai.

Ranar da ta fita takaba, washegari da safe ta buga babur ta nufi Saba. Ta shiga ƙofar gonar da hon, yadda ta saba. Dawaki goma sha bakwai ne a turakunsu, kowanne a tsaye yana tauna harawa yana kaɗa jela. Na goma sha takwas ɗin yana ƙasa, haƙarƙari a sama, harshe a waje, ƙuda suna taro a kan idonsa. Babu kowa a kansa. Salfo yana can gindin mangwaro da abokinsu Pusga, wani ƙaton tsohon ma'aikacin gidan waya, suna buga dara.

Sai da ta kashe babur sannan suka zabura, kamar waɗanda aka kama da hannu a tukunya.

"Matar yaya! Ke ce da sassafe? Sannu da zuwa, yaya ƙarin haƙuri?"

"Riƙe gaisuwarka, Salfo. Mene ne wancan?"

Salfo ya dubi dokin, ya dubi Pusga. Pusga ya dubi sama.

"Hutawa yake yi."

"Hutawa. Da harshe a waje."

"Haka yake hutawarsa, matar yaya. Kowa da irin kwanciyarsa."

Ta tsugunna ta taɓa kunnen dokin, ta ɗaga fatar idonsa, ta danna cikinsa da yatsa. Cikin nan tim, fata sai sheƙi take yi.

"Kumburi ne," in ji ta. "Ruwa ya taru masa."

"Ƙiba ce," in ji Pusga.

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana lasar kan sarki, kai za ka koya min bambancin ƙiba da kumburi? Dubi naka cikin tukuna."

Pusga ya ja riga ya rufe tumbinsa.

Ta yi awa biyu a kan dokin nan tana kore masa ƙuda da gefen mayafinta. Bai motsa ba. Salfo sai zarya yake yi yana cewa rana ta yi zafi, ta je gida ta huta, shi zai kula. Da ta tashi tafiya har wani rawar jiki yake yi wajen tura mata babur. Wannan rawar jikin shi ya fi tsaya mata a rai. Mutumin da dokin amana yake mutuwa a hannunsa, amma babban burinsa mai dokin ta bar wurin!

Bayan kwana uku ta dawo da jarkar ruwan gishiri da sukari, da kunun gero, da tsohon bargon Rasmane. Ta tarar da shi yadda ta bar shi, sai dai yau ta ɗaya gefen ya kwanta. Ta lulluɓe shi da bargo a tsakiyar zafin watan Maris. Ta ɗura masa kunu ta gefen baki. Abin mamaki, kunun ya shige, har ta ga kamar harshen ya ɗan koma ciki ya lashi leɓe sannan ya sake fitowa. Ta ce wannan alama ce ta cewa yunwa ta yi masa mugun kamu.

Zuwa na uku ba ta yi wa kowa magana ba, ta zagaya gonar tana bincike. Rumbun harawa cike. Buhunan dusa a jere, ga kanwa, ga ruwa a komi. Wato abincin yana nan, ba shi ne ba a yi. Bayan rumfa kuma ta ci karo da tulin gashin kaza da ƙasusuwa, da murhun gashi, da wata tsohuwar kujerar ƙarfe mai igiyoyin roba wadda ba wanda yake zama a kanta. Nan ta gama haɗa lissafinta: suna gasa kaji suna buga dara, dokin marayu yana mutuwa a gabansu. A da Rasmane ne yake wuni yana jinyarsa. Yanzu da babu Rasmane, babu mai ko kallonsa.

Kuka ya zo mata a kan hanya, ga babur yana tari, ga ta tana share hawaye da bayan hannu. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ta a duniya, kuma ga shi yana neman zubewa a hannunta.

Washegari ta sa tufafinta na zuwa biki, ta je ofishin kula da dabbobi ta kai ƙara. Ta ba su bayani dalla-dalla, da ranaku, da alamomi, har da sunayen cututtuka huɗu da take zargi. Aka ce za a turo likita ranar Alhamis ƙarfe tara.

Ran Alhamis babur ya ƙi tashi. Sai da ta yi masa magiya, ta zage shi, ta tura shi har bakin titi, sannan ya yarda. Ta isa Saba goma saura. Tun daga nesa ta hango farar mota a ƙofar gonar, ta danna hon don a san ta iso. Tana shan kwanar rumbu sai ta ji wani abu ya faɗi tim, ƙura ta tashi, wani ya ƙwalla ƙara.

Wani gajeren mutum mai farar riga da tabarau ne a tsaye, abin awon zuciya a kunnensa, bakinsa a buɗe, yana riƙe da ƙarshen abin a sama inda babu komai. Kumandan yana ƙasa a gaban takalmansa.

"Kai ne likitan?" in ji Talato.

"Ni ne Dokta Zarbo." Bai ko dube ta ba. "Yanzu nake sauraron zuciyarsa. Yanzun nan! Yana tsaye, har ya ciji aljihuna."

Da ta ji sunan ta san ɗan ƙabilar Samo ne, su kuwa duk 'yan Mosi, abokan wasan juna masu kiran juna bayi, saboda haka ko a gaban gawa sai an taɓa wasa.

"Wayyo ni. Duk likitocin Wagadugu a rasa wanda za a turo min sai ɗan Samo? Ku da ko jaki ba ku iya ɗaurewa? Me ka yi masa?"

"Ke baiwata, iya bakinki, ubangidanki yana aiki. Ke ce mai ƙarar? Minti arba'in na yi ina duba dokin nan. Haƙori lafiya, kofato lafiya, ya fi ni ƙoshi. Wannan bawan nawa ya nuna min goɗiya tara da ya yi wa ciki bana. Tara! Har na rubuta cewa tsohuwa ce ta rasa aikin yi."

"To goge. Ga shi nan a gabanka."

Dokta Zarbo ya goge ɗin kuwa. Ya tuɓe tabarau ya share, ya durƙusa. Ya auna zafin jiki, daidai. Ya saurari zuciya, tana bugawa tsaf kamar agogon bango. Ya ɗaga ƙafar gaba ya saki, ta faɗi yaraf. Ya ja jela. Ya hura masa iska a kunne. Ya sa aka kawo bokitin ruwa aka sheƙa masa a ka. Kumandan ko gezau, sai dai harshen ya ƙara fitowa kaɗan. Gumi ya fara tsattsafo wa likita. Ya koma mota ya ɗauko wani littafi mai kauri, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa.

Talato tana lura da Salfo da Pusga. Sun koma gefe suna ƙus-ƙus, Salfo yana girgiza kai, Pusga yana nuna ƙofa da haɓa. Can sai Pusga ya matso yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Madam, likita ya sha rana. Da za ki taimaka ki je bakin titi ki sayo masa zom-kom, ruwan geron nan mai sanyi."

"Ƙafarka ta karye ne?"

"A'a, ai ke ce mai babur."

"Ga makulli."

"Ba ya ɗaukata," in ji Pusga, kuma gaskiya ya faɗa.

Salfo ya gwada tasa dabarar. Ya ce ai ba kyau mace ta tsaya a kan doki marar lafiya, al'ada ce ta masu dawaki tun kakanni. Ta ce shekara tara tana tsayawa a kansa ba ta taɓa jin wannan al'adar ba sai yau. Ya ce kamar ya ji ana cewa gobara ta tashi wajen Dapoya. Ta ce gobarar ta cinye unguwar duka. Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta zauna daram kusa da kan dokin.

"Na yi wa mamaci alkawari. Ko ya tashi ko ya cika, a gabana za a yi. Ba inda za ni."

Sai ga Pusga ya durƙusa da ƙyar ta ɗaya gefen, wai zai yi wa dokin addu'a. Ya kafa baki a kunnensa yana raɗa wani abu. Kumandan ya kaɗa kunnen kamar mai korar ƙuda. Pusga ya sake raɗawa da ɗan ƙarfi. Dokin ya buɗe ido ɗaya, ya sauke shi a kan Talato, ya mayar ya rufe.

"Ya gane ni," in ji ta. "Allah sarki. Yana sallama da ni."

Dokta Zarbo ya rufe littafinsa da ƙarfi. Mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba, kuma ba a gaban 'yan Mosi zai fara ba. Ya gyara murya ya ambaci wata cuta mai suna kamar na tashar jirgi, ya ce ta ƙwaƙwalwa ce, tana kayar da doki farat ɗaya, kuma ba mamaki tana yaɗuwa.

"Kai Tapsoba, daga yau ba doki mai shiga, ba mai fita. Zan sanar da masu goɗiyoyin nan duka. Gonar nan a rufe take sai abin da bincike ya nuna."

Salfo ya dafe kai. "Dokta, shekara talatin ina wannan sana'ar. Idan maganar nan ta fita, ko kare ba wanda zai sake kawo min ajiya."

"Da ka yi tunanin haka kafin ka bar dokin mutane a rana. Shi kuma wannan," ya nuna Kumandan, "dokin da ya kasa tashi wahala kawai yake sha. Baiwata, ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Allura ɗaya ce, ba zai ji komai ba. Amma sai da yardarki."

Ya buɗe jaka ya fito da sirinji mai kaurin taɓarya.

Talato ta daɗe tana kallon dokin. Ta sha ganin irin wannan ranar a asibiti, ta kuma san ranar da riƙo yake zama mugunta. Ta ɗora hannu a kan farin goshin nan.

"Ka yafe min, Rasmane. Na makara." Ta share ido. "Yi masa, Dokta. Kar ya ƙara wahala."

Likita ya zuƙi magani, ya ɗaga sirinjin ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya laluba jijiyar wuya. Sai Salfo ya yi wani tsalle da ba a zaci mai shekara sittin zai iya ba, ya faɗa kan dokin ya rungume wuyansa.

"Lafiyarsa ƙalau! Wallahi tallahi lafiyarsa ƙalau! Yaya Rasmane, ka yafe min, rantsuwar nan ta fi ƙarfina. Pusga, faɗa mata!"

"Ni? Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

"Kai ne mai gadin ƙofa!"

"Kai ne mai gasawa!"

"Ɗayanku ya yi magana," in ji Talato a hankali, "kafin in karɓi allurar nan in raba muku ita biyu."

Salfo ne ya yi, kansa a ƙasa, yana wasa da gezar dokin. Ya ce ba ciwo ba ne, horo ne. Masu dawakin nan wajen suna koya wa doki rawa, su koya masa durƙuso, su koya masa kwanciya kamar matacce don burge jama'a ranar wasa. Yaya Rasmane ya ga ana yi, sai ya ce shi ma yana so, amma nasa ba da bulala za a ba shi alama ba, da ƙarar baburinta. Wata huɗu suka yi suna koya masa.

"Kin tuna lokacin da yake karɓar baburin duk Lahadi wai zai kai wa bakanike?"

"Na tuna. Yana dawowa da shi yadda ya tafi."

"To nan yake kawo shi. Pusga ya hau ya zagayo yana hon, ni in kwantar da doki, yaya ya ba shi sukari."

"Ka ce ba ya ɗaukarka," in ji ta, ta juya kan Pusga.

"Lokacin ban kai haka ba, Madam."

"Don me?" Ta mayar da ido kan Salfo. "Don me mutum zai yi wannan aikin?"

Salfo ya nuna bayan rumfa da leɓe. "Kaza, matar yaya. Gasassa. Da gishiri da yaji. Sai shayi mai sukari uku. Idan kin zo kaza tana kan wuta, yaya zai tafi ya bar ta? Shi ne doki zai faɗi."

"Kwanon da nake ajiye masa fa?"

Pusga ya dubi dokin. Kowa ya dubi dokin.

"Tuwon yana ci," in ji Salfo. "Miyar ce ko shi ba ya sha."

Dokta Zarbo ya zauna a kan bokiti, sirinji a hannu, dariya tana cinsa har tabarau yana zamewa. "Kai, 'yan Mosi! Mutum ya horar da ingarma guda saboda cinyar kaza! Wallahi sai na ba da labarin nan a garinmu Tugan. Ni dama tun farko na ga alamar..."

"Kai rufe mana baki, mai cutar ƙwaƙwalwa," in ji Talato, ya kuwa rufe.

Ta miƙe tsaye. Ta kakkaɓe zaninta. Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi tsorata su.

"Shekara tara. Kullum ina auna jininsa ina mamakin abin da ya hana shi sauka. Na canja masa magani sau biyar. Na je na yi wa likitansa rashin kunya a gaban mutane. Ni da ba ni da hawan komai, shekara tara ban ɗanɗana gishiri ba. Bikin 'yata ma da kwanona na je." Ta sunkuya ta zare takalmi. "Kuma ni ina yawo unguwa ina cewa mijina saboda so ya hana ni canja babur!"

Pusga ne ya fara gudu, shi kuma aka fara samu. Ta bi shi suka zagaya rumbun harawa sau biyu, yana ihu yana cewa shi fuka-fuki kawai ake ba shi. Salfo ya sha nasa a ƙeya. Goɗiyoyi suka ɗauki haniniya, kaji suka watse, likita ya hau kan bokiti yana ba ta ƙwarin gwiwa. Duk wannan bidirin Kumandan yana kwance a inda yake, harshe a waje, yana aikinsa tsakani da Allah.

Da numfashinta ya ƙare ta tsaya tana haki, ta dubi dokin.

"To yaya ake tashinsa?"

Pusga ya leƙo daga bayan rumbu yana shafa kafaɗa. "Sai na je bakin ƙofa na ga kin sha kwana, sannan in ɗaga murya in ce ta tafi. Raɗa ba ta yi masa. Kin ga na gwada."

"Ta tafi."

"Haka yaya ya tsara, Madam. Bari in je in..."

"Tsaya nan. Dokina ne."

Ta mayar da takalminta, ta taka har bakin ƙofar gonar. Ta tsaya inda Pusga ya nuna mata, ta juyo. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta kuma ji wani abu mai kama da dariya yana taso mata. Ta cika ƙirji da muryar da take kiran marasa lafiya a layi.

"Ta tafi!"

Kumandan ya mayar da harshe. Ya ɗaga kai, ya tattara ƙafafu, ya miƙe zumbur, ya girgije ƙurar jikinsa har kan farar rigar likita. Doki ne kyakkyawa, sai yau ta taɓa ganinsa a tsaye da kyau. Bai dubi kowa ba. Ya ja igiyarsa da Salfo ya kwance, ya wuce komin ruwa, ya wuce harawa, ya zagaya bayan rumfa kai tsaye wajen tsohuwar kujerar ƙarfen nan. Ya sa hanci daidai inda aljihun mai zama zai kasance. Ya shinshina. Ya ture kujerar kaɗan da baki, ya sake shinshinawa, sannan ya tsaya yana jira.

Dariyar likita ta ɗauke.

"A nan yake karɓar sukarinsa," in ji Salfo, murya ƙasa-ƙasa. "Duk zuwan da kika yi, kina tafiya nan yake zuwa. Na gwada ba shi da hannuna, ba ya karɓa sai ya gaji da tsayuwa. Shi ya sa ba mai zama a kujerar."

Talato ta tako a hankali ta zagaya dokin, ta dubi kujerar. Igiyoyin robar sun lotsa daidai girman mutumin da ta sani. Ta zauna. Kumandan ya ja da baya, ya dube ta da ido ɗaya, kunnuwansa suna gaba suna baya, ƙafafunsa na gaba har sun fara lanƙwashewa.

"Kar ka soma," in ji ta. "Na gane ka. Ba ta tafi ba, ɗan banza. Shi ne ya tafi, ya bar mu ni da kai."

Ta miƙa hannu gefe ba tare da ta waiwaya ba. Salfo ya gane, ya ruga ya kawo gwangwanin sukari. Ta ɗauki ƙwaya uku ta ɗora a tafin hannu. Dokin ya daɗe yana shawara, sannan ya miƙo wuya ya kwashe, leɓensa yana yi mata cakulkuli. Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba, don ɗaya hannun yana riƙe da gezarsa.

Dokta Zarbo ya zubar da maganin sirinjinsa a ƙasa, ya ɗauko takardarsa ya tsaya yana kallonta.

"Baiwata, me zan rubuta?"

"Rubuta abin da ka fara rubutawa. Tsohuwa ce ta rasa aikin yi." Ta ja hanci. "Salfo."

"Na'am, matar yaya."

"Akwai sauran kaji, ko kun cinye?"

"Akwai."

"Kama biyu, ɗan Samo ma ya ci, ba su saba gani ba. Ka gasa min yadda kake gasa masa, kar ka rage komai. Ina so in ji abin da ya fi ni."

Salfo ya nufi akurki da sauri, Pusga yana binsa yana ɗingishi. Har sun yi nisa ta ɗaga murya.

"Kuma ka kawo min gishirin a hannu, ni zan zuba da kaina."